Ranar da Jirginmu Ya Hau Gawo

Ni dai shekara bakwai na yi ina kwana bisa ruwa, kuma har yau da nake zaune da furfurata ban iya iyo ba. Ba na jin kunyar faɗi. Ɗiyar manoma ce ni, daga wani ƙauye na ƙasar Maradun wanda yanzu kifi ke kiwo a tsakar gidajenshi. Masunci na aura, ɗan Sarkawa, irin mutanen da ba su san ɗaki ba sai jirgi.

Jirgin namu na katako ne, mutum huɗu za su kwanta kai da ƙafa cikin tsawonshi. A tsakiya akwai rumfar zana, nan muke kwana, nan kwallata da tabarminmu suke. Can gaba murhuna yake, wani faffaɗan kasko da anka cika da yashi anka ɗora duwatsu uku. A baya maigida ke tsayawa da gwangwala, doguwar sandar da yake kafawa a ƙasan ruwa shi tura jirgi. Mu huɗu ne ciki: ni, da shi, da mahaifiyarshi da muke kira Inna, da ɗiyata da ko yaye ba ta kai ba. Inna idonta ya yi yana, hannunta ma sai ta kawo shi kusa take gani. Amma kunnenta da bakinta, Allah ya bar mata su da kaifinsu.

Da can in damina ta faɗi gulbi ya kawo, sai mu hauro daga wajen Bakura muna bin kifi har Maradun, in ruwa ya fara ja mu gangara. To shekarar da anka rufe dam na Bakolori muna sama. Hanyar komawa ta toshe, ruwa kuma ya yi ta hawa, ya ci fadama, ya ci gonaki, ya shiga ƙauyenmu. Iyayena anka kwashe su zuwa wani sabon wuri inda su kansu ba su gama samun inuwa ba. Dangin maigida suna can bayan dam. Kun ga ke nan ba mu da inda za mu sa haƙarƙari a duniya in ba bisa katakon nan ba. In ya nutse, ko mun fita da ranmu, sai raɓe-raɓe a zauren mutane, ni da jinjira da tsohuwa marar ido.

Damina ta biyu bayan haka, wata ranar Litinin, muna gaɓar gabas da kwando uku na bandar kifi. Ƙwaro ya fara taɓa na ƙasa. Motar da ke kai kaya kasuwar Talata Mafara kuwa a gaɓar yamma take tsayawa. Bayan sallar asuba maigida ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Bin gefe kwana biyu ne, kasuwa ta watse. Mu ratsa ta bisa gonaki. Gwangwala na taɓa ƙasa, kafin azahar mun isa."

Na ce, "Malam, gonakin ga cike suke da gawo."

Inna tana cikin rumfa tana jan tasbaha. Sai ta ce, "Ku ji mani 'yar tudu za ta koya wa Sarkawa ruwa. Ke da ko a randa kika faɗa sai an yi kururuwa."

Maigida ya yi dariya. Ni kuwa na goya ɗiyata, na hura wuta.

Amma na san abin da nake faɗi. Manomi ba ya sare gawo a gonarshi, don ƙarƙashinshi gero ya fi kyau. Kuma gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne, da damina yake zubar da ganye shi tsaya tsirara, sai ƙaya fara doguwa. Tsamiya ko ɗorawa in ruwa ya ci ta, za ka ga ganye na lilo, ka kauce. Gawo ba ya ba da alama. Su mutanen gulbi ina za su san wannan? Ba ya fitowa a tsakiyar gulbi.

Farkon tafiyar ba laifi. Rana ta fito, ruwa ya kwanta lumui. Na dama kunu, na miƙa wa Inna nata, ta ce tsamiyar ta yi yawa, ta shanye ta nemi ƙari. Maigida yana kafa gwangwala yana bin ta da hannu har ƙarshe, yana zarowa, jirgi na tafiya sumul. Muna wuce abubuwan da na sani. Ga kan wani rumbu, jinkar ta ruɓe, belbela biyu na tsaye bisa. Ga kukar bakin kasuwarmu, ruwa ya kama ta har wuya, inda nake sayar da gyaɗa ina yarinya. Wa zan gaya wa?

Da hantsi ya yi na lura maigida ya fara sunkuyawa. Da can gwangwala in ya kafa ta, sauran da ke hannunshi ya fi tsayinshi. Sai ya koma daidai kafaɗa. Sai daidai ƙugu. Can na gan shi durƙushe, hannunshi cikin ruwa har gwiwar hannu, yana turawa da kan yatsu.

Inna ta ɗaga kai. "Kai, ban ji gwangwalar ga na cizon ƙasa ba."

"Tana taɓawa, Inna."

"Ƙarya kake, ɗan nan. Tun kafin a haife ka nake jin kukan gwangwala."

Ya zaro ta ya shimfiɗe a gefen jirgi, tana ɗigar ruwa, ko ɗigon laka babu a bakinta. Na duba baya, gaɓar da munka baro ta zama zare. Na duba gaba, ita ma haka.

Filafili guda gare mu, gajere, na juya kan jirgi ne a wurin da gulbi ya yi kwana. Ba a taɓa tafiya da shi ba, don a gulbinmu ko'ina ƙasa na kusa. Shi maigida ya ɗauka. Ni na ciro murfin kwalla na durƙusa a ɗaya gefen ina jan ruwa. Jirgi mai ɗauke da murhu da kwanduna da mutane, ba ƙaramin nauyi ba ne. Da farko kamar ba ma motsi, daga baya ya ɗauki gudu, har maigida ya fara cewa, "Yawwa, ja, ja, kin ga mun kusa raba shi biyu."

Bai rufe baki ba na ji ƙiiii a ƙarƙashinmu, kamar ana jan ƙaya bisa ƙofa. Sai wani gum! Jirgi ya tsaya cak, tukunya ta kife cikin wuta, Inna ta faɗa kan tabarmi, ɗiyata ta tsandara kuka.

To ga abin da ya faru, kuma wallahi da idona na gani. Shi mutumin gulbi, in jirginshi ya hau yashi, ba ya tsayawa tunani. Tsalle yake yi shi dira cikin ruwa iya gwiwa, shi sa kafaɗa shi tura. Sau dubu na ga ya yi haka. Jikinshi ne ya yi, ba hankalinshi ba. Mutumin da yanzun nan ya ga gwangwala ta kasa taɓa ƙasa, sai ga shi ya dafa gefen jirgi ya dira da taguwarshi da hularshi.

Ruwa ya rufe shi. Hular ce kawai ta taso.

"Mi ya faɗa?" in ji Inna. "Ke ɗiyar ga, mi ya faɗa ruwa?"

Na san ya iya iyo kamar tarwaɗa, na tsaya ina jiran kanshi shi fito. Bai fito ba. Sai kumfa, sai ruwan na motsi daga ƙasa. Na leƙa, na hango farar taguwarshi a baje, ga rassa baƙaƙe ko'ina kewaye da shi. Ƙaya ta kama rigar ta baya, yana fizga tana ƙara riƙewa.

Na jawo gwangwala. Nauyi gare ta, ban taɓa ɗaga ta ni kaɗai ba, amma ranar ban ji nauyinta ba. Na zura ta saitin farin nan, na kwanta bisa ɗaya bakin da cikina, ɗiya na ihu a bayana. Na ji an kama. Na ji an ja har haƙarƙarina ya bugi katako. Can sai ga shi ya ɓullo ba riga, ya bar wa gawo ita, bayanshi duk jini, yana tari yana aman ruwa.

Inna ta lalubo ta kama kunnenshi. "Uban wa ya ce ka dira? Yashi ka gani?"

Ya ci gaba da tari. Ni ce na ce, "Inna, ƙafata cikin ruwa take."

Munka ɗaga tabarmi. A ƙasan rumfa, daidai inda katako biyu sunka haɗu, wani reshe ya huda ya shigo, kaurinshi kamar taɓarya, kanshi a fiƙe. Na gane saran. Fulani ne ke hawa gawo da rani su sassare wa shanu ganye, adda kuwa a karkace take cin reshe, ta bar shi da tsini. Bisa wannan tsinin munka zauna da dukan nauyinmu. Ruwa na tsartuwa ta gefenshi.

Maigida ya miƙe ya buɗe ƙafafu zai girgiza jirgin, wai shi zame daga kan reshen. Inna ta ji jirgi ya karkata, ta daka mashi tsawar da ban taɓa jin irinta ba.

"Tsaya! Kada ka motsa! In abin ga ya zare, mi zai toshe ramin? Kanka?"

Ta rarrafo ta shafa wurin da hannu biyu, ta zagaye reshen da yatsa. Sannan ta kwance ɗankwalinta ta yage shi, ta fara cusawa a kewayen da bakin wuƙar kifi. Tana yi tana magana, muryarta ta sauka. "Ba a zare shi. Daga ƙasa za ka yanke shi, ka bar guntun a ciki. Ɗauko zartonka."

Akwai wani guntun zarto da yake gyaran jirgi da shi. Yana laluben shi cikin buhu, ni ina kwarfe ruwa da ƙwarya, sai na ji wata iska mai sanyi ta taɓa mani wuya. Na waiwaya gabas. Hadari ya taso, baƙi ƙirin, gindinshi ja.

Ban faɗa ba, amma Inna ta riga ta shaƙa. Ta ce, "Ya yi nisa?"

Na ce, "Da sauranshi."

"Ke ma kin koyi ƙaryar gidan ga." Ta juya wajen ɗanta. "In igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana saukewa bisa abin ga, katakon tsagewa zai yi har baya. Yi sauri."

Na ɗaura mashi igiya a ƙugu, na naɗe ɗaya bakin a hannuna. Wannan karon bai yi tsalle ba, a hankali ya zame, zarto a baki. Ya nutse. Na ji ƙarar zarton ta cikin katako, a tafin ƙafata, gurus, gurus, gurus. Ya taso ya ja numfashi, ya koma. Itacen ya sha ruwa, zarto na cijewa. Hannu ɗaya ina riƙe da igiya, ɗaya ina kwarfa. Inna ta ɗora diddigenta bisa tsumman ta danne, bakinta na salati. Ɗiyata ta gaji da kuka ta koma shessheƙa.

Ban ƙirga sau nawa ya nutse ba. Na dai san kowane tasowa yana daɗa daɗewa riƙe da gefen jirgi, leɓenshi ya yi fari, sabuwar ƙaya a kafaɗunshi. Na ce, "Saura yaya, Malam?" Ya nuna mani yatsa biyu a haɗe. Ya koma. Da ya sake tasowa na sake tambaya, ya sake nuna mani yatsa biyun nan. Na ce a raina, wannan mutum zai kashe ni da yatsunshi.

Rana ta ɓace. Ruwan da ke kwance ya fara yamutsewa. Igiyar ruwa ta farko ta zo ƙarama, ta ɗaga mu ta aje, katako ya yi ƙara, ruwa ya tsarto ta gefen ƙafar Inna har fuskata.

"Ki zubar da yashin murhu," in ji ta. "A'a, tsaya, kada ki zubar! In munka yi sauƙi za mu tashi daga kanshi. Zo ki zauna nan kusa da ni. Jawo kwandunan."

Na jawo kwanduna uku na tara su kewaye da ramin, na zauna, muna danne jirgi bisa abin da ya huda shi. Igiyar ruwa ta biyu ta fi ta farko. Ƙarar zarto ta tsaya. Na ja igiyar hannuna, ban ji shi ba, ta zo sakwaf. Na ce, "Inna..." Sai ƙasan jirgin ya yi ƙas! Jirgi ya yi wani lilo, ya juya kai, na ji muna tafiya. Ashe tasowa yake yi ta ɗaya gefen, ya taka babban reshe ya banki jirgin da kafaɗa har ɗan sauran ya karye. Na ja shi da igiya da wando da duk abin da hannuna ya kama, ya faɗo ciki kamar buhu. Zarton ya tafi.

Ba mu samu ko hamdala ba iska ta iso. Ta fizge zana ɗaya daga rumfa ta yi sama da ita. Ta sa mu gaba tana kora yamma, irin gudun da muke nema ɗazu, amma yanzu kowane taki akwai wani gawon yana jira a ƙasa. Maigida ya rarrafa baya ya sa filafili cikin ruwa yana riƙe kan jirgi. Ya dubi hagu ya dubi dama. Ruwa ne kawai, ba abin da ya sani a ciki.

Ni kuwa na ɗaga kai na hango giginya biyu, kawunansu a waje, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, suna kaɗawa. Na san su. Tsakaninsu burtali ya bi, hanyar shanun da ta fito daga mashaya ta miƙe yamma har tudun makiyaya. Nan nake kora awakin gidanmu. Ba mai barin itace ya girma a burtali, kofato ma ba ya bari. Faɗinshi garke guda ya wuce a sake.

Na ce, "Malam, bi tsakanin giginyun can."

Ya ce, "Can ai ya fi nisa da gaɓa."

"Burtali ne. Ba itace ko ɗaya. Ka bi tsakiya, in mun wuce ka sa doguwar a bayan kunnenka na dama, kada ka bari ta matsa."

Ya dubi uwarshi. Ita tana dafe da ramin da ƙafa biyu yanzu, ruwan sama na dukan kanta ba ɗankwali. Ta ce, "Mi kake kallona? Ni na yi kiwon awaki? Bi abin da ta ce."

Munka ratsa tsakanin giginyun, ganyen ɗaya har ya shafi rumfa. Daga nan ruwan sama ya sauko gaba ɗaya, gaba ba a gani. Na juya baya na durƙusa ina kallon doguwar giginyar, ina kwarfa ina kira, "Dama kaɗan! Ya isa! Hagu, hagu, Malam, za ka shiga gonar liman!" Sau ɗaya munka ji ƙiiii a gefe, ya wuce. Can giginyar ta ɓace cikin ruwan sama. Ban gaya masu ba. Na ci gaba da kira da abin da ƙafata ta tuna: burtalin yana miƙewa, sai shi ɗan karkata kudu wajen wata tsohuwar rijiya, sai shi hau. Ko daidai na yi ko Allah ne ya rufa asiri, ban sani ba har yau. Ruwa cikin jirgi ya kai mani ƙwauri. Bandar kifi na yawo kewaye da mu kamar ta farfaɗo.

Maigida ya aje filafili ya ɗauki gwangwala ya zura. Ba komai. Ya ƙara jimawa ya sake zurawa. Sai na ga bayanshi ya miƙe.

Inna ta ce, "Ta ciza."

Ya tura, ya tura, ciyawa ta fara shafar gefen jirgi, sai kan jirgin ya hau laka ya tsaya. La'asar ta yi. Ba mu sauka inda mota ke tsayawa ba, mun yi kudu da wurin sosai, gefen wata ruga. Fulanin sunka fito cikin yayyafi, sunka kama mana munka ja jirgin tudu, munka sauke kaya, munka jingine shi bisa gefe ɗaya.

Sai a nan munka ga abin da kyau. Tsagar ta yi kamu ɗaya ta kowane gefen reshen, saura kaɗan ta kai haɗin katako na gaba. Guntun gawon na nan daram, ya kumbura ya cika ramin, ɗankwalin Inna a cushe kewaye da shi. Wani dattijon Bafillace ya kama shi zai gwada girgizawa, Inna ta ji, ta ce, "Baffa, cire hannunka, ba naka ba ne."

Kifin kam rabi ya lalace, sauran na sake shanyawa na sake bandawa. Washegari maigida ya tafi Talata Mafara a ƙafa har inda ya samu mota, bayanshi shafe da man shanun da matan ruga sunka ba mu, ya dawo da kwalta da ƙusoshi da aron zarto. Ya so shi fitar da guntun shi sa sabon katako, ya auna ya ga in ya taɓa shi sai ya sauya ƙasan jirgin duka, ga shi ba katakon. Sai ya yanke shi daidai da katako ciki da waje, ya buɗe gwangwani ya buga bisa, ya shafe da kwalta. Kwana huɗu munka yi a rugar. Rana ta biyar munka tura jirgi ruwa, na shimfiɗa tabarmata bisa wurin, na zauna ina jira in ji sanyi a jikina. Har munka yi nisa tabarmar a bushe take.